Ajin Da Aka Ce Kada A Taɓa

Ranar da ya fara shigowa ajinta bai sami kujera ba, sai bencin yara na can baya. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, littafi a cinya, ƙaramin agogo a hannu. Yara hamsin da takwas suka juya suna kallonsa. Malamar aji uku ta buɗe baki za ta tsawata musu, sai dariya ta riga faɗan fitowa.

"Malam, bencin nan ba don irinku aka yi shi ba."

"Na ga alama, Malama. In na miƙe yanzu da shi zan miƙe."

Ɗalibin jami'a ne, yana bincike a kan yadda yara ke koyon karatu. Makarantu shida aka ba shi, kowacce aji biyu. Aka zuba takardu a gwangwani aka ja: aji ɗaya za a koyar da sabuwar hanya, ɗayan ya ci gaba da tsohuwa, a kwatanta a ƙarshen shekara. Da hannunta ta jawo tsohuwar. Ta sa hannu ba za ta canja komai ba, shi ma ya sa hannu ba zai gaya mata abin da ake yi a ɗaya ajin ba.

Yara suka sa masa Mai Agogo. Shi kuma ya sa mata Alli, don bai taɓa ganin kumatunta babu farin alli ba. Takardun da suka sa wa hannu sun hana abubuwa da yawa, amma wanda ya rubuta su ya manta da zuciya. Kafin zangon farko ya ƙare, saƙo ya fara kai-komo.

"Alli, yau minti arba'in na zauna a ajinki, layi biyu kacal na rubuta. Laifinki ne."

"Ka gaya wa Farfesarka haka, Mai Agogo, mu ga ko za ta ba ka maki."

Sai dai bangon da ya raba ajinta da na maƙwabta, mai sabuwar hanya, bai kai rufi ba. Kullum tana jin su. Can sai a yi tsit, can kuma yara su ɓarke da ihun murna. A nata ajin ita ce ke karantawa su maimaita, ta sake su sake, tagogi da ƙarafa, fanka ta mutu tun bara. Wata safiya wata yarinya a bencin gaba ta karanta mata shafi guda babu tuntuɓe. Malama ta matso za ta yaba mata, sai ta ga littafin a juye yake. Ranar a ofishin malamai ta kasa cin abincinta.

A gida ma ba sauƙi. Babanta tsohon malami ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, kuma in ya yi magana ba ya son maimaitawa.

"Ɗalibi? Da gemunsa?" in ji shi, ranar da aka kai masa zancen Mai Agogo. "To, ya kawo mini takardar kammalawa bana, in ba shi ke. In ta wuce bana, ya nemi wata ƙofar. Ba zan ajiye ki kina jiran mai karatun da ba ya ƙarewa ba."

Ga kuma mataimakin shugaban makarantarsu, mai mota da yawan turare, da ya mai da gaishe da Baba aikin kowane mako.

Lokacin hutun tara ta tare Mai Agogo a baranda.

"Me suke yi a can? Kalma ɗaya kawai ka gaya mini."

"Alli, kin san na sa hannu. In ajinki ya canja, babu abin da zan kwatanta. Wata huɗu ya rage."

"Wata huɗu a wurinka. Su daga nan aji huɗu za su, can ba mai koya musu baƙaƙe. Ashe lamba muke a littafinka, ni da su."

"Wallahi ba haka ba ne."

Ta shige aji. Kwana tara ba ta amsa saƙonsa ba. Ya ci gaba da zama a bencinsa yana rubuta abin da ya gani, kuma abin da yake gani yana cin ransa. Son ta yake, ita ma ya san tana son sa, ga su a ɗaki ɗaya an ɗaure musu baki. A rana ta goma ya tura mata:

"Ki sa su rufe littafi, ki tambaye su abin da suka koya jiya. Kada ki ba su amsa, ki ƙirga biyar a zuciyarki tukuna. Bayan kwana uku ki sake tambayarsa, bayan mako ki ƙara. Waɗanda suka kasa ki zaunar da su shida-shida a kan sautin baƙaƙe. Shi ke nan, Alli. Kada ki sake cewa ke lamba ce."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Na gode, nawa. Ka yafe mini."

Ajinta ya fara yin tsit, ya fara ihu. Ba ta taɓa jin daɗin aikinta irin na watannin nan ba, amma duk ihun da yara suka yi sai gabanta ya faɗi.

Da aka yi gwajin ƙarshen shekara, ya zo mata da takardu a ajin da babu kowa. Ajinta ya kamo na maƙwabta. Da aka haɗa da sauran makarantun, bambancin ya tsuke, har rahoton zai nuna sabuwar hanyar ba ta da wani amfani.

"In na yi shiru, takardata ta fito bana," ya ce. "Amma masu tsara karatu za su karanta su ajiye hanyar a lungu. In na faɗa, bana ta wuce ni."

"Wa ya sani in ba mu ba?" ta ce, sai kuma ta rufe fuska da hannu, kunyar maganar ta kama ta. "Ni na jawo maka."

"Da yatsana na rubuta saƙon."

Washegari ya tsaya gaban Farfesar da ke kula da bincikensa, ya miƙa mata wayar. Ta karanta, ta cire tabarau, ta wanke shi tas. Aka soke makarantar daga binciken, aka rubuta masa gargaɗi. Makarantu biyar ba su isa ba, sai ya ƙara shekara a wata makarantar.

Mataimakin shugaba bai bari labarin ya huce ba, da zafinsa ya kai wa Baba. Da la'asar Baba ya sa aka kira su. Mai Agogo ya durƙusa a bakin falo, ita tana raɓe a jikin ƙofa, idanu sun yi ja.

"An ce ka saɓa doka an soke ka."

"Haka ne, Baba."

"Wa ya kama ka?"

"Babu wanda ya kama ni. Ni na kai kaina."

"Ka san sharaɗina lokacin da ka je?"

"Na sani, Baba."

"Ni na matsa masa, Baba," ta ce. "In hukunci ne, da ni za a fara."

Tsohon bai kalle ta ba. "Yara nawa ke iya karatu a ajinta da ka zo?"

"Goma sha tara."

"Yanzu fa?"

"Arba'in da ɗaya."

Baba ya ɗago ya dube ta. Da ya yi magana, muryar ba irin wadda ta saba ji ba ce.

"Lokacin da nake koyarwa, kowace shekara nakan tura yara gaba na san ba su iya ba. Wasunsu har yau suna gaishe ni a hanya, suna ce mini Malam, ni kuwa in sunkuyar da kai." Ya gyara zama. "Ban taɓa janye magana a gidan nan ba. Yau na janye, kuma kada ku saba. Ka turo manyanka. Takardar kuwa sai ka kawo ta, ko da jikana a kafaɗa."

Kuka ya ƙwace mata, na daɗi. Mai Agogo ya kasa haɗa kalma biyu, sai godiya yake jerawa.

A hutun ƙarshen shekara aka ɗaura auren. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai amfani, falon ya amsa da amin.

Da aka koma makaranta, ta roƙi shugaba ya bar ta ta bi yaranta zuwa aji huɗu, saboda sha bakwai ɗin da suka rage. Angon kuwa mota biyu yake hawa kowace safiya zuwa sabuwar makarantarsa, ya fara komai daga farko. A mako na uku, lokacin tara, saƙonsa ya shigo.

"Amaryata, saura nawa?"

Ta dubi yaran da ke zaune shida-shida a kusurwa, ta goge hannu ta rubuta:

"Sha shida, angona. Alhamdulillahi. Ka dawo da wuri in ba ka labari."