Hawan Tsamiyar Furfuri

Da bazarar 1998 ne, lokacin da shamuwa ta fara dawowa, Mas'udu ya hau tsamiyar da ke bayan gidan Malam Attahiru a Furfuri, kyamara rataye a wuyansa. Mai hoto ne daga Gusau. Hoton biki da na fasfo ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana daji: tsuntsaye, duwatsu, gulbi, da yadda suke sake kama daga rani zuwa damina. Kyamarar ma gadon yayansa Mannir ce, wanda ya koya masa sana'ar kafin ya rasu.

To, kowa ya san in namiji zai hau itace kusa da gidan mutane, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, don mata su kintsa. Mas'udu ya sani sarai. Amma shamuwa na kwance a sheƙarta a kan tsamiyar, yana magana za ta tashi. Sai bawan Allah ya haye shiru abinsa. Kai, Mas'udu!

Yana gyara zama ya waiga, sai ga tsakar gida a fili, ga wata budurwa tana shiƙar gero, kanta ko ɗankwali babu. Suka haɗa ido. Ba ta yi ihu ba. Faifai ta kifa a ka, ta ce, "Malam, tsuntsuwar tana sama, ba nan take ba."

Saura kaɗan ya faɗo don kunya.

Wasila ke nan, 'yar autar Malam Attahiru. Goggonta Ladidi, mai kai daddawa kasuwar Gusau, ita ya roƙa ta kai mata hoton shamuwar. A bayansa ya rubuta: "Ki yafe min. Wallahi ban ɗauke ki ba, idona ne kawai ya yi laifi."

Amsa ta zo a guntuwar takarda: "Na yafe, Mai Tsuntsu. Amma gaba ka riƙa sallama."

Shi ke nan fa, Mas'udu ya kamu. Damina ta sauka, hotuna suka yi ta zuwa Furfuri a ƙasan kwandon Goggo: dutsen Kwatarkwashi hadari ya lulluɓe kansa, belbela a bayan shanu wajen Kucheri, gulbi ya cika ya tumbatsa a Bungudu. Wasila ba ta taɓa wuce Gusau ba, sai ga duniya tana zuwa mata har ɗaki.

Wata la'asar a zauren Goggo, Wasila ta ce masa, "Kai dai ba ka gajiya da kallo."

"Tun da na hau tsamiyar nan, 'Yar Auta, ban ƙara ganin abin da ya isa kallo ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Sai dai akwai Tajuddeen, ɗan wani dillalin hatsi a Bungudu, wanda ya daɗe yana nemanta tana kauce masa. Da ya ji baffan Mas'udu zai zo neman izini, sai ya baza magana a kasuwa, wai hoton Wasila kai babu ɗankwali yana manne a shagon Gusau, samari na layi suna kallo. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ai an ga Mas'udu a kan tsamiya. Mata suka fara yin shiru in ta iso rijiya. Ƙawayenta suka janye.

Malam Attahiru ya tare baffan tun a ƙofar gida. Ya ce, "Wanga yaro ya leƙa mini gida, ya zubar da mutuncin ɗiyata. Na rantse da Allah mai hoto ba shi aurenta!"

Abin da ya fi ƙona ran Mas'udu shi ne takardar Wasila da ta biyo baya: "Ka gaya min gaskiya ko da za ta kashe ni. Ka ɗauka?" Har ita! Ranar ko shago bai buɗe ba, ya zauna ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da kaka, ana cikin yankan gero, ya ɗauro kwali a bayan mashin ya nufi Furfuri. Gaban dattawa a zauren Malam ya zazzage komai, hotuna da fim ɗinsu, aikin shekaru. Ya ce su duba ɗaya bayan ɗaya.

Suka duba. Birai a duwatsun Tsafe. Gauraka a fadama. Kuka ɗaya tilo, ga ta da ganye, ga ta tsirara. Babu hoton Wasila ko ɗaya. Malam Attahiru ya daɗe riƙe da wani hoto, gonarsa ce gero ya fitar da kai, bai taɓa sanin haka take da kyau ba. Ya ajiye a hankali.

"Yaro, an yi maka ƙazafi, na gani. Amma na riga na rantse."

Liman ya gyara murya ya ce ai akwai kaffara. Malam ya girgiza kai. Mutum ne da bai taɓa janye magana ba, kuma ba ranar zai fara ba. Taurin kai dai, Allah ya kyauta.

Daga bayan asabari Mas'udu ya jiyo shessheƙa, ya kuwa san mai ita. Ya dubi kyamarar Mannir a ƙirjinsa. Igiyarta har yanzu da ƙullin da marigayin ya yi da hannunsa. Ya cire ta, ya ajiye gaban Malam.

"Baba, mai hoto ka rantse a kansa. Daga yau ni ba mai hoto ba ne."

"Har abada?"

"Har abada, Baba."

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, na ba ka ita."

Bayan an kai amfani gida aka ɗaura aure. Mas'udu ya rufe shago, ya koma taya baffansa sayar da taki. Mutumin da ya ɗauki hoton amaren Gusau ba iyaka, ga bikinsa ya zo babu mai hoto ko ɗaya, don ya hana abokansa zuwa da kyamara, kada ran surukinsa ya sosu.

Da za a tafi da amarya, Malam Attahiru ya dafa kansu ya ce, "Na karɓe maka abu babba, Mas'udu, na sani. Allah ya musanya maka da ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Aka shafa.

A ɗakinta na Gusau, bayan 'yan rakiya sun watse, Wasila ta yaye lulluɓi. Ga lalle, ga kwalli, ga idanu sun kumbura.

"Ni na raba ka da abin da kake so. Kuma har na zarge ka."

"Daina kuka, 'Yar Auta. Ni na zaɓa."

"Ba ka jin zafi?"

Bai iya yi mata ƙarya ba. "Ina ji. Sosai ma."

Ta share hawaye da bayan hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta miƙe zaune sosai ta fuskance shi.

"To dube ni da kyau, angona. 'Ya'yanmu za su tambayi yadda nake yau, kuma babu abin da za mu nuna musu. Kai za ka gaya musu."

Mas'udu ya dube ta, ya yi ta dubanta, har hawaye suka hana shi gani.