Sandar Dakta Na'Allah

Ranar Juma'a da hantsi, a shekarar 1982, Dakta Na'Allah ya faɗo ofishin 'yan sanda na Bodinga yana haki.

"Sufeto, an sace mini sanda!"

Sufeto Maniru ya yi dariya. "Ga ta dogari can, ara."

Dakta malamin kimiyya ne a jami'a. Ya yi bayani cewa sandar ta roba ce mai kama da gilashi, tsawon yatsa, an gauraya ta da jan rini. In aka sa ta cikin na'urar leza mai harba haske, ita ke fitar da hasken. In akwai kumfa ko ƙarzuwa a jikinta, hasken sai ya raunana.

"Gwamnati ta tsuke shigo da kaya, rinin ya ƙare. Guda goma na zuba a ɗakin mahaifiyata Inno, don sanyinsa. Ɗaya kaɗai ta fito ba kumfa. Litinin za a gwada ta."

A ɗakin, Sufeto ya ƙirga tara a faifai, duk masu kumfa.

"Ɓarawon nan ya san mai kyau," in ji shi. "Inno, wa ya shigo jiya?"

"Ba kowa, ɗana."

Ya dubi tasbahar hannunta. "Wanga zare sabo ne. Wa ya ɗaura?"

Ta sunkuyar da kai. "Sama'ila mai tasbaha, na Shagari. Amma mutumin kirki ne."

Sufeto da Dakta suka hau mota sai kasuwar Shagari. Sama'ila na zaune a rumfarsa yana huda 'ya'yan tasbaha.

"Yaushe rabonka da Bodinga?"

"Ranka shi daɗe, tun sallah."

Sufeto ya ja tabarmarsa zuwa rana. Wani jan gari da ke kanta ya ɗau walƙiya.

"Garin itacen tasbaha ba ya haka," in ji Sufeto.

Sama'ila ya saki mahudi, ya zaro ƙunshi daga aljihu.

"Ni na ɗauka, yallaɓai. Shekara talatin ban ga abu mai kyau kamarta ba. Kan tasbaha na so in yi. Na goge bakinta biyu, sai na kasa huda ta."

Dakta ya karɓi sandar, ya ɗaga ta sama. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya yi kabbara.

"Sufeto, dubi! Kamar ruwa! Wata uku ina guga ban samu haka ba. Haskenta zai fi da. Malam, da mi ka goge?"

"Tokar kara da fatar akuya."

"Sata dai sata ce," in ji Sufeto, yana danne dariya. "Tashi mu je."

Aka sa Sama'ila gaba. Dakta ya bi su da gudu.

"Ni zan yi belinsa! Sufeto, kar ku sa masa ankwa, ku kula mini da yatsun nan!"