Dutsen da Nazifi Ya Sayo a Legas

Mako uku ke nan akwatin gilashin yana ɗakin Nazifi a Dangora, babu kifi ko ɗaya a ciki. Ruwan gishiri ne kawai, da farin yashi, da wani dutsen teku mai ramuka da ya sayo a Legas, inda yake kai albasa. Mai sayarwar ya ja masa kunne: kada ya saka kifi sai ruwan ya nuna, mako shida, ƙananan halittun jikin dutsen sun cinye gubar ciki. Kullum bayan la'asar yakan ɗebi ruwan a 'yar kwalba ya ɗiga maganin gwaji, ya ɗaga ta ya duba launi. Matarsa Rabi tana masa tsiya, wai ya koma kiwon ruwa.

Ran wata Talata, ana shirin kiran magariba, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Sai ta biyu. Ya zagaya bayan gida, babu kowa. Ya tsinci ɗaya a tsakar gida, jiƙe take. Ya ɗanɗana, gishiri.

Daga ranar, faɗuwar rana ta zame musu abin fargaba. Ruwan randa ya yi zartsi. Kaji suka ƙi shiga akurki. 'Yarsu Hamdiyya, mai shekara goma sha biyu, ta bar cin abinci, sai zama gaban gilashin tana motsa baki kamar mai ba wani amsa. Nazifi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ranar da ta dube shi da idon da bai sani ba, ya hau babur sai Tudun Wada, ya ɗauko Malam Lado, mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kan buzu, ya fara karatu a hankali. Can yarinyar ta sandare, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ina cikin gidana aka fasa shi da guduma. Na farka a kwali. Uban yarinyar nan ya jiƙa gishiri a bokiti, wai teku. Yanzu kuma baƙi zai zubo mini."

"Me yarinyar ta yi miki?" in ji Malam.

"Ita kaɗai ta yi mini sallama."

"Za a kai ki dam ɗin Tiga, ga shi kusa."

"Ruwan daɗi kashe ni zai yi. Ku bar mini ita. Hawayenta ya ishe ni."

Rabi ta toshe baki da mayafi. Malam ya ɗaga murya da karatu har muryar ta koma roƙo. Ta yarda za ta koma cikin dutsen, in za a mayar da shi teku kafin kwana uku, kada ya bushe a hanya. Ya sa ta rantse. Hamdiyya ta yi atishawa, ta faɗi, barci mai nauyi ya ɗauke ta.

Gari ya waye ba ta farka ba. Nazifi ya shiga motar albasa, dutsen cikin bokitin ruwan gishiri a kan cinyarsa, hannu ɗaya a kan murfi. Duk ramin da suka faɗa sai ya leƙa. Ruwan da ya zube ya jiƙa masa wando ya bushe fari fat.

Rana ta uku da hantsi ya isa bakin teku. Ya kutsa har ƙugu, ya yi bismilla, ya saki dutsen. Ya fito ke nan wayarsa ta yi ƙara a cikin takalminsa da ya bari a gaɓa.

"Maigida," in ji Rabi, "ta tashi. Koko take nema, wai a sa mata sukari da yawa."