Sarƙar da Ta Ƙi Saki

Shekarata goma sha tara ina gyaran babur, ba a taɓa dawo mini da aiki ɗaya sau uku ba sai a kan babur ɗin yayana. Irin dogayen nan ne na shiga daji, da shi yake zuwa gona inda Innarmu take zaune. Ranar ya turo shi gareji gab da magariba, ina haɗa kaya zan rufe, ledar maganin Inna na lilo a hannun babur.

"Ta sake ɗaurewa," in ji shi. "Kai dai aikinka sai a hankali."

Raina ya ɓaci. Na duƙa na taɓa sarƙar, na ji ta tamau kamar sandar ƙarfe. Shekaranjiya da hannuna na saita ta, kuma notin da na ɗaure ko motsi bai yi ba.

Irin wannan babur ba a matse masa sarƙa. Bayansa yana lotsawa sosai, kuma duk lotsawar da ya yi, sarƙar ƙara miƙewa take. Shi ya sa nake sa mai shi ya hau, in auna da nauyinsa a kai, in bar sakin yatsu biyu. In ta ɗaure a kwazazzabon hanyar gona, tsinkewa za ta yi ta watsar da mutum. Ga shi maganin Inna ya ƙare tun safe.

"Yaya, buhu nawa kake labta masa?"

"Ni kaɗai nake hawa. Ka daina neman wanda za ka ɗora wa laifi."

Na kwance notin taya, na sassauta ɓangarorin biyu daidai wa daida, na sa shi ya hau, na auna, na ɗaure. Yatsu biyu cif.

"Sauka ka gani da idonka," na ce, "tunda ni ban iya ba."

Ya sauka. In mutum ya sauka, bayan babur ɗagowa yake, sarƙa ta ƙara saki. Na zura yatsuna ƙarƙashinta don in nuna masa.

Sai na ji sifirin da ke ɗauke da bayan babur ɗin ya yi ƙara. Ƙiiit.

Bayan babur ɗin yana yin ƙasa. A hankali. Tayar ta baje a kan siminti. Wani wari ya doke ni, na laka da ruɓaɓɓen ganye, har ya danne warin baƙin mai.

Na ɗaga kai. Katifar kujerar ta lotsa a can baya, wurin zaman goyo. Babu kowa a kai.

Sarƙar ta matse yatsuna.

"Yaya," na ce da raɗa, "wa ka ɗauka?"

Ina jin numfashinsa. Ina jin wani numfashin kuma, a saman kaina.

"Wani tsoho," ya ce. "Makon jiya, a bakin rafi. Da na iso gari na waiwaya ban gan shi ba. Na zaci ya dira ne."

Tayar ta fara juyawa. Sarƙar tana jan hannuna zuwa haƙoran ƙarfe. Na ja. Ya ƙi fita.

Yaya ya matso, ya dafa kujerar. "Baba, mun iso. Don Allah ka sauka."

Babur ya yi sama da ƙarfi. Sarƙar ta saki. Na fizge hannuna na faɗi ta baya, jini na bin tsintsiyar hannuna, ina ta salati.

Sai na ji Yaya ya ce, "Wash!" Ya ranƙwafa kamar an labta masa buhu a baya.

Ni na kai wa Inna maganin a kan babur ɗina, hannu naɗe da tsumma. Ta tambaye ni ina Yaya, na ce gajiya ce.

Tun daga ranar sarƙar ba ta sake ɗaurewa ba, Yaya kuma bai sake kushe aikina ba. Wallahi da na fi so ya ci gaba da kushewar. Yanzu a sunkuye yake tafiya, mutum ɗan shekara arba'in da biyar. Likita ya duba bayansa, ya ce bai ga komai ba. Jiya ya zo gareji, na miƙa masa kujera, ya girgiza kai.

"Bar shi kawai," ya ce a hankali. "Ba ya son in jingina."