Ɓarawon da Ya Shayar da Marsandi

Da Alhaji Rufa'i ya dawo daga masallaci bayan rana ta ɗan ɗaga, ya tarar da ƙofar garejinsa a kulle kamar yadda ya bar ta, amma babu motarsa Marsandi a ciki. Bai yi ihu ba. Ya zauna a kan dakali, ya aika a kira masa ƴan sanda.

Insifekta Abdulwahabu ne ya zo daga kwamsariya, ofishin ƴan sanda. Kamar kowa a Dogon Dutsi, shi ma ya san motar: fara ce, mai faɗi, mai shan gazuwal, wato man dizal, ta girmi yawancin ƴan kabu-kabun garin. Alhaji ya saye ta tun yana babban ma'aikacin gwamnati, ta kai shi Yamai da Damagaram ba adadi, har agogon kilomitarta ya gaji ya tsaya. Shi ya yi ritaya, ita ba ta yi ba. Shekarun nan ba abin da ake yi a gidan sai gardamar a sayar da ita ko a bar ta, Alhaji kuwa kullum amsarsa ita ce yana tunani.

Abdulwahabu ya shiga garejin ya tsaya yana kallo. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Tamfol ɗin da ake lulluɓe motar da shi an naɗe shi tsaf an ɗora a kan benci. Tsohuwar tasa mai yashi, wadda ake sakawa ƙarƙashin inji don ta tare man da ke ɗiga, an janye ta gefe kada taya ta taka ta. Ga buta a jikin bango babu ko ɗigo a cikinta, ga ƙasa jiƙe sharkaf daidai inda hancin motar ke tsayawa. Ya daɗe yana bin sawun ɓarayi, bai taɓa gamuwa da mai ladabi irin wannan ba.

Alhaji ya nuna masa makullin motar a aljihunsa, ya ce na biyun ya ɓace tun da daɗewa. Na garejin kuwa a ƙusa yake rataye cikin zaure, kowa na gida ya san wurinsa. Matarsa, Hajiya Habsatu, ta ce ta ji tashin motar da asuba, an bar ta tana ƙugi har injin ya ɗau zafi kafin a fita da ita, don haka ta zaci maigida ne. Duk tsawon maganar ba ta ɗaga ido daga geron da take tsincewa ba. Abdulwahabu ya lura da haka.

Ya fara da Yaro dillali, wanda ya kawo wa Alhaji mai saye daga Kamba. Ya same shi a tasha yana shan shayi. Yaro ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ranar da ya so nuna wa baƙon motar, kunya ta kama shi, don ya yi ta murɗa makulli ta ƙi tashi, ashe sai an jira wata ƴar fitila ta mutu tukuna. Mai shayin ya shaida cewa tun kiran salla Yaro na wurin yana lodin fasinja. Ko ba shaidar ma, Abdulwahabu ya dubi yadda rigar mutumin take a yamutse, ya tabbata wannan ba ya naɗe tamfol.

Na biyu shi ne Muhammad Awwal, babban ɗan Alhaji, mai shagon wayoyi a kasuwa. Wannan bai ɓoye ra'ayinsa ba: motar ta zama cuta, yau birki, gobe famfo, ya kamata a rabu da ita tun tana da sauran daraja. Amma shi a masallacinsu ya zauna karatu har fitowar rana, kuma jama'a sun gan shi.

"Bayan wahalar gyara, akwai wani dalili?" in ji Abdulwahabu.

Saurayin ya rage murya. "Watan da ya wuce Baba ya bugi amalanken jaki a hanyar Kiéché. Ya ce rana ce ta shiga mai ido."

"Da wane lokaci?"

"Da hantsi. Ranar tana bayansa."

Daga nan sai garejin Bilyaminu, bakaniken da ya yi furfura a ƙarƙashin wannan mota. Shi ne ya fi kowa iya tayar da ita, kuma shi ne ya fi kowa sanin inda za a sayar da kayanta. Amma da ya ji labarin sai ya ajiye sifana ya zauna a ƙasa kamar an yi masa rasuwa. Abdulwahabu ya tambaye shi zancen buta. Bilyaminu ya ce ai radiyatar motar, inda ake zuba wa inji ruwa, ta yi shekaru tana yoyo, kowace safiya sai an ba ta buta guda kafin a taɓa makulli.

"Amma wanga sati da ya wuce na canza ta," in ji shi. "Yanzu cike take, ko ka zuba sai shi malalo ƙasa."

"Wa ya san an canza?"

"Ni, da Alhaji, da Awwalu, don shi ya sawo sabuwar."

Abdulwahabu ya fito yana tura babur ɗinsa a hankali. Dillalin da ko tayar da ita bai iya ba, bai san da zancen ruwa ba sam. Ɗa da bakanike sun san an daina. Wanda ya ɗauki motar kuwa ya tsaya ya shayar da ita har ruwan ya malale. Wato mutum ne da ya san tsohuwar ɗabi'arta sosai, amma labarin gyaran bai kai gare shi ba.

Ya koma ya tambayi Alhaji ko akwai wanda ya taɓa yarda ya tuƙa ta. Fuskar dattijon ta washe a karon farko. Ya ce mutum ɗaya ne tak, ɗiyarsa Karima, da kansa ya koya mata a filin ƙwallo har ta samu permi, takardar izinin tuƙi, ita ce kaɗai ba ta taɓa sa giyar motar ta yi kuka ba. Ungozoma ce a Tibiri, rabonta da gida tun Salla. Abdulwahabu ya ga dattijon bai fahimci cewa da bakinsa ya nuna wadda ta ɗauki motar ba.

Karima ba ta wahalar da shi ba. Da ta gan shi a ƙofar ɗakin awo na asibitin Tibiri, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta, ta ce su je Dumega. A can, bayan rumbunan gidan gwaggonta, Marsandi ke tsaye an rufe ta da tabarmi, har an saka mata wata tasa a ƙarƙashi.

Ta ce ta shigo Dogon Dutsi tun jiya da yamma, ta kwana wurin ƙawarta, mahaifiyarta ce ta miƙo mata makullin gareji. Makullin motar na biyu bai ɓace ba, tun zamanin koyo yake wurinta. Cutar yana ce ta rufe idon mahaifinta, ya ƙi yarda, ya ƙi zuwa a duba shi. Da ƙwaƙwalwa yake tuƙi, ba da ido ba. Kuma ya ƙudura ranar Jumma'a shi zai ja motar har Dosso zuwa wata ta'aziyya, a kan babbar hanya mai cike da manyan motoci.

"Na roƙe shi, ya ce mota ta san hanya," in ji ta. "In an saida ta, baƙin ciki zai kashe shi. In an bar mai ita, shi zai kashe ɗan wani. Sai na ce bari Jumma'a ta wuce tukuna."

Abdulwahabu ya ce shi aikinsa ya mayar da mota ga mai ita, sauran kuma na mai ƙara ne. Ya ɗora babur ɗinsa a amalanken da zai biyo baya, ya zauna gefenta. Ta murɗa makulli rabi, ta jira fitilar ta mutu, sannan ta tayar.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shigo layin. Tun daga nesa Alhaji ya ji ƙugin injin ya miƙe daga dakali. Motar ta tsaya, Karima ta fito ta tsaya a gabansa, tazarar da ba ta wuce tsawon tabarma ba. Ya shafa murfin injin da tafin hannu, sannan ya juya wajen Abdulwahabu.

"Insifekta, wannan da ke tsaye shi ne ɓarawon? Ɗan wane gida ne?"

Hajiya Habsatu da ke bakin zaure ta rufe baki da mayafi.

"Baba, ni ce," in ji Karima.

Dattijon yana tsaye, hannunsa a kan motar. Abdulwahabu ya yi masa bayani a taƙaice: tamfol da tasa sun nuna na gida ne, jiran zafin inji ya nuna wanda aka koya wa ne, ruwan da ya malale kuma ya nuna wanda bai ji labarin gyara ba ne. Daga nan ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko ƙarar tana nan.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro makullinsa, ya laluba har ya sami hannun ɗiyarsa, ya danƙa mata. Sannan ya bi jikin motar yana dafawa, ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta cikinta ba tun ranar da ya gama koya mata tuƙi.

"Ba za a saida ta ba," in ji shi. "Jumma'a ke za ki kai ni Dosso, in mun gama ta'aziyya mu biya wurin likitan ido." Ya gyara zama, ya ja ƙofar a hankali. "Kuma ki bar zuba mata ruwa, ɗiyata. An gyara."