Kafin Ka Cinye Na Dawo

Munawwara tana tsugune a zaure tana jera funkaso cikin leda, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama da wata murya mai sanyi, irin ta mai neman alfarma.

A Rogo Ruma kaf babu wanda bai san firizar gidan Malam Barau ba. Sola ce ke riƙe da ita, ba ruwanta da ɗauke wuta. A ciki Munawwara, autar Malam, take adana sana'arta: ɗanyar samosa a jere, kek ɗin da take gasawa a tukunyar yashi, funkaso, miyar taushe da ta zogale roba-roba. Mai baƙin ba-zata ko ma'aikaciyar da girki ya fi ƙarfin lokacinta sai ta aiko a ɗauko mata, ta ɗumama, ka rantse da Allah yanzu aka sauke.

Ta ja mayafi ta leƙa. Wani dogon saurayi ne, baƙi mai kyau, rungume da 'yar kula a ƙirji kamar wanda aka ba riƙon jariri.

"Sannu da aiki, Malama. An wuni lafiya? Ya mutan gida?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Sannu da hanya."

"Sunana Hafizu, ina koyarwa a firamare a Karaye. Taransifomar unguwarmu ce ta ƙone. Masu firiza a can da janareta suke, su kunna su kashe. Aka ce min nan ne sanyi ba ya yankewa."

Ya buɗe kular a hankali. Roba ce guda ɗaya tal mai jan murfi, naɗe da tsumma, miyar taushe a ciki ta daskare kamar dutse.

Dariya ta kusa ƙwace mata. "Tun daga Karaye, saboda miya roba ɗaya? Haba Malam, ai da ka cinye abarka ka huta da ƙona mai."

Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. "Ba ta ci ba ce tukuna. Mai ita nake jira."

Mai ita! Munawwara ta karɓi robar ta tura ta can ƙasan firiza, ta rufe da ɗan ƙarfi. Yarinyar da ko sunan mutum ba ta gama riƙewa ba, wai har ta fara jin haushin wata. Allah mai iko.

Daga nan kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai ga babur ɗin Hafizu. Wai ya zo duba ajiya. Ajiyar da ba ta da ƙafa, ina za ta? Sai ta buɗe masa ya leƙa, ya ga jan murfi, ya sauke ajiyar zuciya, sannan hira ta ɓarke a zaure har la'asar ta kawo jiki. In zai tafi takan cusa masa funkaso a kularsa, tare da dokokinta: a turara, kada a soya, miya a ƙaramar wuta, abin da ya narke kuma ba a mai da shi cikin sanyi.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Salam, Mai Ƙanƙara. Na turara funkason yadda kika ce. Wallahi ya tashi kamar bai taɓa sanin sanyi ba. Ni ma tun da na san ki haka nake ji a jikina, kamar an ɗora ni a kan tururi ina dawowa a hankali."

Ta karanta ta sake karantawa, har kek ɗinta ya kusa ƙonewa a tukunya. Ta mayar masa:

"Malam na, ka dai ci a hankali kada ka ƙone baki. Juma'a akwai samosa."

Tana sonsa, wannan kam babu tantama. Takan zauna tana murza fulawa, hankalinta yana can Karaye, tana hango wani ɗan tsakar gida da ba ta taɓa gani ba, ita a bakin murhu, shi a kan tabarma yana duba littattafan yara. Amma duk lokacin da ta buɗe firiza, jan murfin nan sai ya soke ta.

Ran nan dai ta kasa daurewa. Ta ce, tana kallon gefe, "Wai mai miyar nan yaushe za ta zo ta ɗauki abarta? Ko sai an ɗaura?"

Hafizu ya sunkuyar da kai, nan take ta fara da-na-sani.

"Iya ce ta yi ta," ya ce. "Mahaifiyata. Ni kaɗai gare ta. Da za a kai ta Kano a yi mata aiki, ta wuni tana girki duk da ciwon, ta cika min robobi, don ta san ban iya ko dafa ruwa ba. Da za ta shiga mota ta ce, 'Hafizu, kada ka zauna da yunwa. Kafin ka cinye na dawo.' Na yi ta ci ina jira. Saura wannan aka bugo waya."

Ya ci gaba: "Na sani, Munawwara. Da hannuna na sa ta a kabari. Amma in na cinye, shi ke nan, na cinye ba ta dawo ba."

Kunya ta rufe ta, hawaye suka biyo baya. Tun daga ranar, in za ta ɗauko wani abu kusa da robar, sai ta yi wa Iya addu'a.

To, akwai Zaharaddini, ɗan yayan Malam Barau, wanda ya haɗa musu solar. Ya daɗe yana ganin tun da shi ya kawo wuta gidan, autar gidan ma tasa ce. Shi ya kai wa Malam labari, har da ƙarin gishiri: wai wani ɗan Karaye na zuwa gaida miyar matacciya duk Juma'a.

Malam ya kira 'yarsa bayan sallar walaha.

"Auta, na bincika yaron nan. Asalinsa mai kyau ne, halinsa ma haka, ba ni da ta cewa. Abu ɗaya ne ya tsaya min. Abinci don a ci aka yi shi. Wanda ya rasu kuma addu'a yake buƙata, ba jira ba. Ya ci, ko ya bayar sadaka. In ya kasa, ba zan ba shi ke ba, don zai zaunar da ke a ɗaki idonsa na kan ƙofa."

"Baba, maraya ne fa."

"Ni ma maraya ne, Auta. Shi ya sa na san abin da nake faɗa."

Ta rasa bakin da za ta faɗa wa Hafizu, sai ta rubuta masa. Amsar ta zo gajeriya:

"Baba bai faɗi ƙarya ba. Ki ba ni lokaci, sanyin idona."

Juma'a ta zo, babu babur. Wata Juma'ar ta sake zuwa, shiru. Munawwara ta rame, samosarta ta fara fita a karkace. Innarta, Saude, tana kallonta tana girgiza kai. Ita kuwa tsoronta ɗaya: a ce tsakaninta da robar miya, robar ya zaɓa. Kuma ta kasa ganin laifinsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Sai damina ta kankama. Hadari ya yi kwanaki a sama, rana ta ƙi leƙowa, batirin sola ya yi sanyi, firiza ta yi tsit. Aka kira Zaharaddini, ya ce yana can garin Beli, sai ya samu sarari. Ya ƙara da cewa a kira ɗan Karaye ya zo ya yi mata fifita. Kai, wani mutum dai sai addu'a!

Munawwara ta soye samosa ta rarraba wa maƙwabta, ta ɗumama miyoyinta aka kai wa masu su. Sannan ta sa hannu can ƙasa ta ɗauko mai jan murfi. Gefenta ya saki, ruwa na naso a jikin roba. Ita ta koya masa dokar da bakinta, ba ta da yadda za ta karya ta. Ta rubuta:

"Malam na, wuta ta mutu, miyar Iya ta narke. Ba za ta koma sanyi ba. Yau ne, ko a ci ko ta lalace. Ba zan taɓa ta ba sai ka zo."

Ana yayyafi ya iso, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya dubi robar a hannunta, ya daɗe, sannan ya ce da ƙyar, "Ɗora."

Ta juye ta a 'yar tukunya, ta ɗiga ruwa kaɗan, ta rage wuta, tana juyawa a hankali kamar mai lallashi. Can ƙamshi ya tashi. Kabewa da gyaɗa, ɗan tsamin yakuwa, daddawar batso, da busasshen kifin dam ɗin Karaye. Ya ratsa tsakar gida ya shiga zaure. Daga inda take ta ji shessheƙar Hafizu, ita ma ta share nata da bakin mayafi.

Ta kai masa da funkaso mai zafi, ta koma bayan ƙyaure ta laɓe. Ya zauna ya zuba wa kwanon ido, hannunsa ya ƙi miƙuwa.

Haka Malam Barau ya dawo daga sallar la'asar ya same shi. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar, ya jawo buta ya wanke hannu.

"Matso, ɗana. Ba kai kaɗai za ka cinye ba. Bisimilla."

Malam ya gutsuri funkaso ya dangwala ya kai baki. Ya lumshe ido. "Allahu akbar. Wadda ta yi miyar nan da ciwo a jikinta, ba don a ajiye ta yi ba. Cewa ta yi kada ka zauna da yunwa. Ka daɗe kana saɓa mata, Hafizu."

Hafizu ya sa hannu. Yana ci hawaye na zuba, Malam na taya shi, har ya rage loma ɗaya. Malam ya tura masa kwanon. Hafizu ya ɗauka, ya suɗe, ya ce alhamdu lillahi. Suka ɗaga hannu, Malam ya yi wa Iya doguwar addu'a, Inna Saude na amsawa daga cikin gida.

Da suka shafa, Malam ya miƙe yana kaɗe riga. "In an sha iska, ka turo min kawunnanka."

A madafa kuwa Munawwara ta lashi abin da ya rage a ludayi, ta riƙe shi a harshe ta rufe ido, tana haddace hannun matar da ba ta taɓa gani ba.

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Barau. Zaharaddini ma ya zo, har shi ya ja wayar lasifika, yana cin magani. Aka kai amarya Karaye da kayan ɗakinta, firiza a gaban mota an ɗaura mata ƙyalle kamar ita ce amaryar.

Da lokacin zuwanta gida na farko ya yi, ta tashi da wuri ta yi miyar taushe, da daddawar batso da kifin dam. Ta cika robar nan mai jan murfi ta ajiye masa. Ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi ido cikin ido.

"Malam na, kada ka zauna da yunwa. Kafin ka cinye na dawo."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ta ga leɓensa na rawa, ta kusa fasa tafiyar. Sai ya ce, "Allah ya kai ki lafiya, sanyin idona. Ki gaida su Baba."

A Rogo ta kasa zama. Inna na mata hira, ita hankalinta na kan robar: ya buɗe, ko ya mai da ita ƙasan firiza? Ana idar da azahar ta ce za ta koma, Inna Saude ta bi ta da dariya.

Ta yi sallama a ƙofar gidanta. Yana zaune a tabarma, roba a buɗe a gabansa, tururi na tashi, ya ci rabi. Ya ɗago ya dube ta, hannunsa duk miya.

"Kin dawo," ya ce.

"Na dawo."

Ya matsa mata gefe a tabarmar. Ta wanke hannu, suka cinye sauran tare.

Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta. Su kuma Allah ya bar su tare, ya sa albarka a tukunyarsu, ya ba su zuriya mai jin ƙai. Amin.