Idon Alƙasim na Dama

Biba ta fara ganin Alƙasim ne a kasuwar Tama, da kakar 1937, yana tofar da jini a gindin aduwa yana dariya. Ya gama kayar da wani ƙato ke nan a filin dambe. 'Yan mata suna ta guɗa, ita kuwa ƙwaryar furar da ke hannunta sai rawa take yi.

"Ke mai hura," in ji shi, "ni anka buga, ke ka makyarkyata?"

"Kai ba ka jin tsoro?"

"Ina ji mana. Tsoron kada ki zubda hurar ga kahin in sha."

Daga ranar ya raɗa mata suna Matsoraciyata. Ita kuma, da yake kunya ba ta barinta ta kama sunansa, sai ta ce Na Azarori, da sunan garinsu.

Ɗan mahauta ne. Ya fara dambe yana yaro a masussuka, ladansa goro da guɗa. Da ya ƙare samarin ƙauyuka, fataken albasa suka kai sunansa Ƙonni da Sakkwato, ya ajiye wuƙar fawa, dambe ya zama sana'a: riguna, rawuna, har da doki. Kumandan na Madawa, wanda ya taso tun daga Faransa don ya waye wa mutane kai, ya gano babu abin da ke sanyaya masa rai kamar ya ga suna fasa wa juna shi, don haka kowace shekara sai ya aika a kira Alƙasim bikinsa.

Malam Isufu, mahaifin Biba, manomin albasa ne, bai ga abin burgewa ba.

"Ban ba da ɗiyata ga wanda ka noma da huskarshi," ya ce. "Shi aje zaren hannun nan, shi zo mu yi magana."

Amsar nan ya ba Takawa na Tamaske ma, wani ɗan damben da ke zuwa ƙofar gidan da goro. Ta wannan fuskar dai Malam adali ne.

Biba ba ta taɓa kallon damben Alƙasim da ido buɗe ba. Da ta ji an buga masa take, sai ta rufe fuska. Amma mai tsoro tana lura da abin da masu tafi ba sa gani. Kullum ya zo zance, a hagunsa yake zaunar da ita. Wata la'asar ta miƙa masa ruwa ta damansa, hannunta ya gaji a sama bai karɓa ba. Ta kaɗa yatsa kusa da idon. Ko ƙiftawa.

"Na Azarori, tun yaushe?"

"Tun Ƙonni. Kada ki hwaɗa ma kowa. Kowa da dama shi ka bugu, ta haguna hannun ka zowa, ina ganinshi sarai."

"In ka gamu da bahago hwa?"

Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Duk ƙasar Adar an san bahago ɗaya ne ake tsoro, kuma goronsa na nan a ɗakin Malam Isufu.

Da kaka ta zagayo, gardi, ɗan sandan kumandan, ya yi shela a kasuwa: kumandan yana son ganin Alƙasim da Takawa. Biba ta daina cin abinci. Inna Dije, ƙanwar mahaifiyarta mai bin kasuwanni da ƙuli-ƙuli, ita ke kai saƙo da baki, ba ta ƙarawa ba ta ragewa.

"Ki ce mishi shi ce ba shi da lahiya. Ki ce na roƙe shi don Allah."

Amsa ta dawo: "Ki ce ma Matsoraciyata in anka buga min take, ko a makara nike sai na tashi. Ta aje min hura."

Sai tsoro ya ba ta shawara irin tasa. Da Takawa ya zo gaisuwa, ta tare shi a zaure, ta faɗa masa komai. Ya saurara yana tauna goro.

"Na dama kika ce?"

"Na dama. Ka ji tausayi, Takawa."

"Na jiya," ya ce, ya sa takalmansa ya tafi.

Sai da ya ɓace ta gane abin da ta yi: ta nuna wa mai neman ta, kuma mai neman kambun Alƙasim, ƙofar da ba ta da ƙyaure.

Ranar bikin ta bi Inna Dije Madawa. Kumandan na zaune a inuwa, kowa na rana. Kalangu ya ɗauki taken Alƙasim, ya fito jikinsa na tsuma, ya miƙa hannun hagu, damansa a naɗe da zare. Biba ta cusa fuska a bayan Inna. Sai filin ya ɗauki gunaguni.

"Ke, ɗago ki gani," in ji Inna. "Bahagon ya ɗaure dama!"

Ta ɗago. Takawa na tsaye, hannun da ya kayar da maza da shi a buɗe, wanda ko tsinke bai iya jifa da shi ba a naɗe. Alƙasim ya dubi hannun, sannan ya juya kai a hankali yana neman wata fuska cikin mata da idonsa guda.

Ba a jima ba Takawa ya kai ƙasa. Kumandan ya tafa, ya ce bai taɓa ganin gwaninta irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Takawa ya tashi yana kakkaɓe ƙasa, ya ce wa masu zaginsa, "Ni ban son a ce makaho na kayas. Ku tai ku ɗaura in kun iya."

Saƙon Alƙasim da ya iso Tama gajere ne: "Ki ce mata ta kai sirrina kasuwa. An ba ni nasara sadaka gaban jama'a."

Biba ta yi kuka har ta ƙoshi, sannan ta share fuska.

"Inna, ki ce mishi ido guda ya rage, kuma ba na kumandan ba ne, ba na makaɗa ba ne. Nawa ne. Da shi za shi dube ni in na tsuhwa. In ya hi son tahi, shi auri kalangu."

Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu amsa. Biba ta rame. Sai wata safiya ta ji sallama a zaure, ta leƙa ta zana. Alƙasim ne durƙushe gaban Malam Isufu, ya ajiye zaren dambensa a kan buzu.

Malam ya ɗauka, ya ja shi da hannu biyu. "Yana da ƙwari," ya ce. "Shi yi ɗaurin buhun albasa."

An ɗaura aure bayan an cire albasa. Takawa ya zo, ya ci naman da ya fi na kowa, ya ce haƙƙinsa ne. Da aka kai amarya Azarori, ta rasa inda za ta zauna, sai ango ya buga tabarma ta damansa.

"Nan, Matsoraciyata. Wannan gehen ke za ki riƙa gani min."

Daga bakin ƙofa Inna Dije ta ɗaga hannu. "Allah shi ba ku zaman lahiya, shi kawo ɗiya masu albarka, shi sa kada ko guda shi ji kalangu jikinshi shi motsa."

Kowa ya ce amin. Ta Biba ta fi ƙarfi.